Aikin da Aka Rufe Kafin a Je

Da safiyar Laraba aka kira Baba Sawu ofishin Manaja. A hanya ya tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko a tsakar kamfanin, ana magana ƙasa-ƙasa, duk wanda ya kalla sai ya kau da kai. Tun daga nan ya sha jinin jikinsa, ya san abin ya taɓa gidansa.

Kamfanin na kafa sola da batura ne a gidaje da shaguna, yana kuma tura ma'aikata su riƙa duba su lokaci-lokaci. Baba Sawu shi ne shugaban masu gadi. Kafin ya zo nan, rabin rayuwarsa a bin sawun dabbobin da aka sace ya yi ta, shi ya sa sunan ya bi shi, shi ya sa kuma ko cokali ya ɓata a kamfanin shi ake nema.

A ofishin ya sami Manaja a tsaye, ga wata mata zaune da farar riga, fuska ba annuri. Sista ce, babbar ungozomar wani ƙaramin asibitin haihuwa da kamfanin ke kula da solarsa. Ba ta jira an gama gaisuwa ba.

"Jiya wutar gari ta ɗauke, sola ya ƙi ɗauka, ga mace a kan gwiwa. Da fitilar waya muka karɓi haihuwa, Baba. Da gari ya waye na shiga ɗakin batura, na ga biyu ba nawa ba ne. Nawa sababbi ne, da sunan asibiti a manne. An ɗauke su an aje mini matattu."

Manaja ya juyo da allon kwamfuta. Layuka ne jere, duk kore shar. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Wannan shi ne rahoton jiya. Manhajar kwamfutarmu ta tsara aikin duba baturan asibitin, ta ba wa ma'aikaci, ma'aikaci ya je, ya rufe aikin da wayarsa. Ga sunansa."

Baba Sawu bai iya karatun allo da sauri ba, amma wannan sunan ya san shi ko daga nesa. Dogo ne, mijin autarsa, wanda shi da kansa ya kawo shi kamfanin ya tsaya masa.

"Na ba ku zuwa tashi aiki," in ji Sista. "In ban ga baturana ba, 'yan sanda za su zo."

"In suka zo, da hannuna zan miƙa shi," in ji Manaja. "Ka yi haƙuri, Baba. Rahoto ba ya ƙarya."

*

Dogo na zaune a kan benci bayan sito, ya zuba tagumi, dogayen ƙafafunsa sun tare hanya. Da ya ga surukinsa ya miƙe ya rusuna.

"Zauna. Ka je asibitin nan jiya?"

"Baba, wato... aikin nawa ne."

"Ba haka na tambaye ka ba. Ka je?"

"Na je. Wato, an rubuta na je."

"Ka taɓa baturan?"

"Wallahi ko ganinsu ban yi ba."

"To yaya aka yi ka duba batura ba ka gan su ba?"

Dogo ya shiga kame-kame, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce rahoton gaskiya ne, ya dawo ya ce ba duka ba, ya kuma ce shi dai a bar maganar a yadda take. Baba Sawu ya zuba masa ido. Ya san ɓarawo in an ritsa shi, ƙarya ɗaya yake riƙewa ya manne mata. Wannan kuwa ya kasa riƙe ko ɗaya.

"Ni ba rahoto na ba wa 'yata ba, kai na ba wa," ya ce. "Ka zauna nan ka yi shawara da kanka, ina zuwa."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Auta ce. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji, don bai san abin da zai ce mata ba.

*

Ɗakin baturan asibitin yana can baya, kuma sai an ratsa wani ɗan fili kafin a kai gare shi. An yi yayyafi shekaranjiya, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Baba Sawu ya ji ransa ya ɗan yi sanyi, ga abin da ya iya karantawa ba tare da wani ya juyo masa da allo ba.

Sai dai karatun ya zo masa a birkice. Sawun takalmin kamfani ne, irin wanda ake raba wa kowane ma'aikaci. Sawun ya nutse a ƙasa wurin shiga, ya nutse wurin fita. A saninsa ɓarawo da sauƙi yake shiga ya fito da nauyi, amma wannan nauyi ya kawo, nauyi ya fitar. Takun gajere ne, ba irin na Dogo ba, har ya fara murna, sai ya tuna duk mai ɗauke da kaya taƙaita taku yake yi, komai tsawonsa. Murnar ta koma ciki.

A tsakiyar filin mutumin ya tsaya ya huta, ya aje kayan. Nan ne kan Baba Sawu ya ƙara ɗaurewa. Gindin batir yana da zane-zane, in aka aje shi a danshi sai ya bar layuka. Wannan shatin kuwa sumul yake, mai kusurwa huɗu, kamar an danna katako. Ya tsuguna ya shafa, ya tashi ya zagaya, ya sake tsugunawa, bai fahimci komai ba.

A cikin ɗakin, matattun baturan biyu an goge su tas, an ɗaura wayoyinsu yadda ya kamata, kowanne zaune a kan yankin kwali. Sauran na kan siminti. Ya ga kwalin, ya ɗauka shara ce, ya wuce.

Mai gadin asibitin sabo ne, wani siririn mutum mai yawan hamma.

"Ranka ya daɗe, ni dai saƙo ya shigo wayar Sista tun shekaranjiya cewa ma'aikaci zai zo. Ta ce in ya zo in buɗe masa. Bayan azahar ya zo a keke mai ƙafa uku, ya ce daga kamfani, na buɗe."

"Ka ga fuskarsa?"

"Da hular kwano da takunkumi. Ai duk haka kuke zuwa."

"Dogo ne ko gajere?"

"A zaune nake, ranka ya daɗe. Kowa dogo ne a wurina."

Akwai wani sawun silifa da ya bi ta bayan ɗakin ya nufi katanga, ya je ya dawo ba adadi. Baba Sawu ya dubi ƙafar mai gadin, silifan ne. Ya bi sawun yana fatan ya ga inda aka tsallakar da kaya. Abin da ya tarar guntayen taba ne tuli a gindin katanga. Mai gadin ya biyo shi yana murza hannu.

"Don Allah kada Sista ta ji. Ta ce ranar da ta ga hayaƙi a asibitinta, ranar na bar aiki."

Baba Sawu ya fito daga asibitin da abin da ya shiga da shi, sai ƙarin ciwon kai.

*

Kafin ya dawo, zance ya sauya a kamfanin. Yanzu cewa ake yi Mai Jadawali ce ta ƙulla abin, wai aikin na wani ne ta mayar wa Dogo ana gobe za a je. Mai Jadawali mace ce mai tabarau, ita ke zaune gaban kwamfuta tana raba ayyuka, kuma ba ta da bakin kare kanta. Ya tarar idanunta sun yi ja.

"'Yata, ke kika tura shi?"

"Ba ni ba ce, Baba. Manhaja ce."

"Wa ya gaya wa manhajar?"

"Ba kowa. Duk mai hulɗa da mu tana da sunansa da kayan da muka kafa masa. In lokacin dubawa ya yi, ita ke buɗe aiki. Wanda aka fara ba wa ya ɗauki hutu, sai ta duba wanda ba shi da aiki ta ba shi, ta kuma aika wa asibiti saƙo."

"Wato ita ta zaɓe shi, ita ta gaya wa asibiti, ita kuma yanzu take ba da shaida a kansa."

"Haka ne."

"Kuma ba a iya kiranta a tambaye ta."

Ta ɗan yi murmushin dole. Ya jawo kujera ya zauna, ya ce ta nuna masa sawun Dogo a ciki, in tana da sawu. Ta buɗe aikin. Ga suna, ga asibiti, ga alamar kore, ga lokacin da aka rufe.

"Karanta mini wancan na ƙarshe."

Ta duba. "Da safe ne, Baba. Ba a daɗe da buɗe ofis ba."

"Mai gadi ya ce bayan azahar mutumin ya zo." Ya cire hularsa ya sosa kai. "Tsaya, kada ki ruɗa ni fiye da yadda nake. An gama aikin da safe, sannan aka je yin sa da rana?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. Ta ce duk aikin da ya kwana ba a rufe ba, ja yake komawa a rahoto. Ranar Litinin kuma Manaja kan haska rahoton a bango, ya karanta sunan masu ja ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, yana tambaya ko hannu ne ba su da shi. Don haka ma'aikata suka samo dabara. Da safe, suna shan shayi, kowa sai ya danna ya rufe ayyukansa na ranar, sannan ya bi su a hankali, wanda bai samu ba ya je washegari.

"Kowa?"

"Kusan kowa. Ni ina gani, amma in na faɗa, ni ce muguwa."

Baba Sawu ya gyara zama. Ya fara ganin wani abu, amma a hazo. Asibiti na jiran mutum, rahoto ya riga ya ce Dogo ya je. Duk wanda ya shiga tsakanin nan, da sunan Dogo ya shiga.

"In aka rufe aiki, wa ke gani?"

"Ni da Manaja. Sai sito, don in an yi amfani da kaya a cire."

*

Wannan karon bai zauna ba, a tsaye ya yi wa Dogo magana.

"Ka rufe aiki ba ka je ba. Ina ka je?"

Dogo ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji. Da ƙyar maganar ta fito. Wani kamfani ne ya kira shi ganawar neman aiki. Ya yi niyyar zuwa asibitin yau da sassafe. Ya rasa yadda zai yi: in ya ce ya je, ɓarawo ne, in ya ce bai je ba, maƙaryaci ne da za a kora, kuma ga surukin da ya tsaya masa zai ji yana neman tsallakewa a ɓoye.

Abin ya yi wa Baba Sawu zafi, ba kaɗan ba. Amma ba lokacin fushi ba ne.

"Wa ya san ba za ka je ba?"

"Ban ɓoye sosai ba. Na ce wa Mai Jadawali in an neme ni ta ce ina hanya. A sito na canza kaya. Har Manaja ma ya gan ni da riga mai guga a bakin ƙofa, ya ce ko ɗaurin aure za ni."

Mutum uku ke ganin allo, mutum ukun kuma sun gan shi ya fita. Baba Sawu ya ji kamar ya bi sawu ne ya kai shi bakin rafi. Rana ta riga ta karkata. Ya yi abin da ya saba yi in kansa ya cushe, ya shiga sito shan shayi.

Mai Sito tsaransa ne, gajere mai furfura, kuma tun zuwan Baba Sawu kamfanin tare suke shan shayi suna tsokanar juna. Ya zuba masa a kofin da ya saba.

"Tsoho, ka tsufa ke nan? Tun safe kana yawo ba ka kamo kowa ba?"

"Bari kawai. Ƙasa ta ce mini ɗaya, na'ura ta ce mini ɗaya, yaron ya ce mini uku."

"Ni dai in ka tambaye ni, ka sa ido a kan mai tabaraun nan. Mai hannu a kan na'ura shi ke juya ta."

"Ita za ta ɗauki batir?"

"Ai ba sai ta ɗauka da kanta ba."

Baba Sawu ya kurɓi shayin, ya sunkuya zai aje kofin a ƙasa. Daga nan ƙasan idonsa ya bi layin baturan da ke jikin bango. Sababbi a gaba, kowanne a kan yankin kwali. Matattun da aka kwaso daga gidajen mutane a can lungu, su ma kowanne a kan kwalinsa, an jera su kamar za a sayar. A ƙarshen layin akwai gurbi biyu, simintin wurin fes, babu batir, babu kwali.

Shatin nan mai sumul na filin asibiti ya faɗo masa a rai. Kwali ne aka shimfiɗa kafin a aje batir, a tsakiyar fili, a tsakiyar sata.

Ya daɗe a sunkuye, ya so a ce bai gani ba. Da ya ɗago, abokinsa na miƙo masa sukari.

"Ya ishe ni," ya ce. Ya fita bai shanye ba.

*

Kusan tashi aiki ya roƙi Manaja a tara mutane a ɗakin taro. Sista ta zo da mai gadinta, ta ce ta riga ta kira 'yan sanda, suna hanya. Ga Mai Jadawali a rakuɓe, ga Mai Sito, ga Dogo. A kan tebur Baba Sawu ya sa an ɗora sabon batir guda, an yaye kwalinsa an jingine a bango.

"Yallaɓai, kafin komai yaron nan yana da magana."

Dogo ya dube shi da ido na roƙo. Baba Sawu bai sassauta ba. Dogo ya miƙe ya faɗi komai, rufe aikin, rigar guga, ganawar.

Manaja ya buga tebur. "Ka rufe aiki ba ka je ba? A kamfanina? To ko ba ka saci komai ba ka kori kanka."

"In haka ne, Yallaɓai, sai dai a kori kowa," in ji Mai Jadawali. Ta haska rahoton watan a bango, ta ƙara masa layin lokacin rufewa, wanda Manaja bai taɓa neman a nuna masa ba. Ayyukan duka kore ne, kuma kusan duka da safe aka rufe su, a lokacin shan shayi.

Manaja ya matsa kusa da bango, ya ja da baya, ya sake matsawa.

"To waɗanne aka yi, waɗanne ba a yi ba?"

"Ba ta san wannan ba, Yallaɓai. Abin da aka danna mata ta sani."

"Ni kuma wannan nake aika wa masu kamfani duk wata ina cika baki." Ya zauna a hankali. "To in bai je ba, wa ya je? Ko kuwa ya je ɗin ne, wannan ma wata ƙaryar ce? Ni na daina gane komai."

"Ni ma tun safe haka nake," in ji Baba Sawu. "Ku yi mini haƙuri da abu ɗaya. Ina so in ga yadda kowa ke sauke kaya. Malam mai gadi, sauke mana batir ɗin nan ƙasa."

Mai gadin ya yi tsuru-tsuru, ya rungumo batir ɗin yana nishi, ya sunkuya zai dire shi.

"Kai, kai, ba a kan siminti ba!" Mai Sito ya riga ya miƙe, ya shuro kwalin nan da ƙafa ya tura shi ƙarƙashin batir ɗin. "Siminti yana zuƙe wuta. Sau nawa zan faɗa muku?"

Dogo da Mai Jadawali suka ɗan murmusa duk da halin da ake ciki. Kowa a kamfanin ya san wannan aƙida ta Mai Sito, injiniyoyi sun yi ta gaya masa baturan yanzu ba ruwansu da siminti, ya ƙi ji. Sista ce kaɗai ba ta murmusa ba.

"Baturana tun da aka kafa su a kan siminti suke," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin kwali a ɗakin nan ba sai yau da safe."

"Ƙarƙashin matattun biyu," in ji Baba Sawu. "Da kuma tsakiyar fili, inda mai kayan ya tsaya ya huta. A lungun sito kuma akwai gurbin matattu biyu, sun tafi da kwalinsu."

Mai Sito ya dubi kwalin da ke gaban ƙafarsa kamar wani ne ya tura shi. Sannan ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Bai yi gardama ba. Ya ce ɗansa ne ya buɗe shagon cajin waya, baturansa suka mutu, yaron ya zauna a gida ba ya ko magana. Jiya da safe aikin asibitin ya faɗo a allonsa a rufe, ga mai aikin a gabansa yana ɗaura maɓallin riga, ga kayan aikinsa da hular kwano a rataye a ƙusa. Da lokacin cin abinci ya yi, sai ya sa hular kwanon, ya ɗauki matattu biyu, ya kulle sito ya nufi asibitin. Ya ɗauka za a yi makonni ba a lura ba, in an lura a ce baturan ne suka gaji, manhaja ta buɗe aikin canji, shi ke nan. Bai san wuta za ta ɗauke a ranar ba. Baturan suna shagon, ko sunan asibitin bai ɓare ba.

"Mace na kan gwiwa," in ji Sista. "Ka san da me muka haska?"

Mai Sito ya sunkuyar da kai.

Manaja ya dubi Dogo, ya dubi bangon nan mai kore, ya shafa fuska da tafin hannu.

"Kai, je ka gida. Gobe ka je ka yi aikin da ka ce ka yi. Maganar kora sai na san wa zan kora da wa zan bari, yanzu ban sani ba."

Mutane suka fara fita ɗaya-ɗaya. Baba Sawu ya tsaya har ya rage daga shi sai abokinsa. Tambaya ɗaya ce ke cin sa tun daga sito.

"Tsoho, ka san mijin 'yata ne. Tun safe kana kallonsa a kan benci a bayan ɗakinka. Da ban gano ba, da ka yi shiru har su tafi da shi?"

Mai Sito ya juya hular a hannunsa, ya sake juyawa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi tun safe nake tambayar kaina, ban sani ba."

Baba Sawu ya fi son a ce ƙarya ya yi masa.

*

Motar 'yan sanda ta iso daidai tashi aiki. Ma'aikatan da suka kau da kai da safe yanzu kowa na son ya gaishe shi, shi kuwa ba ya son ganin kowa. Da motar za ta fita, mai gadin ƙofa ya tashi zai buɗe, ya ce masa ya bari, shi zai buɗe.

Ya ja ƙofar da kansa. Motar ta wuce a hankali, Mai Sito a kujerar baya, kansa a ƙasa. Dogo na tsaye a gefen surukinsa, da jakarsa a kafaɗa, yana kallon kujerar da tun safe kowa ya ɗauka tasa ce.

"Baba, na gode," ya ce.

Baba Sawu ya mayar da ƙofar ya sa sakata. Ya ji daɗi, ya ji baƙin ciki, ya kasa raba su. Wayarsa ta sake ƙara, ya ciro ta ya miƙa wa Dogo ba tare da ya dube shi ba.

"Amsa mata. Tun safe take kira, muryarka take son ji."